Shekarar da Na Haɗa Rabin Ganga

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar shago na ji jikana Nura yana gaya wa wani baƙo cewa Nasara ne suka gina wa kakanninsa wannan hanga, wato rumfar ƙarfen da shagon yake ciki. Ban tanka masa a gaban baƙo ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yaron ba da gangan ya yi ƙarya ba, haka ya ji ana faɗa a unguwa, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi, ku 'ya'yana da naku 'ya'yan. Babu Baturen da ya ɗaure ko bulon ɗaya, wato ƙusa mai noti, a jikin ginin nan. Ni na haɗa shi, da mutanen gidanmu, da maƙwabta.

Kakanku Malam Habu tela ne. Yana goye aka zo da shi Yawunde daga ƙasar Kano, a nan Briqueterie ya yi aure, a nan ya haife mu, ni da yayana Bala. Shagonsa na poto-poto ne, wato itace da laka, yana can gangare kusa da fadama, a daidai inda hangar take yanzu. A cikinsa akwai kekunan ɗinki da masu koyon aiki, shi kuma yana zaune a kan buzu bakin ƙofa inda haske ya fi, yana surfanin manyan riguna da hannu. Mutane daga Messa da Nkomkana har da manyan ma'aikata 'yan arewa suna kawo masa yadi. A shekarar da nake ba ku labari idanunsa sun fara yin hazo, sai wani ya zura masa zare a allura. A cikin ruwan farkon shekarar ne, wata ranar Talata da hantsi, bangon baya ya jiƙe ya zube a kan kekuna. Allah ya kiyaye, duk suna waje suna kwashe ruwa. Amma rufin ya biyo bangon, yadin mutane ya nutse a jar laka, shagon da ya ciyar da mu ya koma tudun ƙasa.

Ni a lokacin makanike ne a wurin wani kamfanin Turawa mai aikin hanya, a zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da ko'ina ka duba shantiye ne, wato wurin aikin gini. Aikinsu na Yawunde ya ƙare, suna shirin tashi zuwa arewa. A sansanin akwai rumfunan ƙarfe masu baka, kamar an raba ganga biyu an kife, kuma ina cikin waɗanda aka sa su kwance su. A bayan garejin akwai guda ɗaya ƙarama da ba a taɓa haɗawa ba, tana cikin akwatunanta ciyawa ta rufe su, an ce ɗaukarta ya fi ta tsada. Shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, wani dogon Bature mai jan wuya, ya kira ni ya ce yana so in bi su arewa, zai sa ni shugaban gareji, da gida, da fansho in na tsufa. Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan ba. Na kwana biyu ina juya ta, sannan na koma na ce masa ba zan je ba, kuma in zai yi mini alheri, maimakon kuɗin sallama ya ba ni akwatunan nan na bayan gareji. Ya daɗe yana kallona.

"Ka san babu wanda zai zo ya haɗa maka ita?" in ji shi da Faransanci.

Na ce, "Na sani. Na kwance irinta, zan iya mayar da ita."

"Kwancewa daban, haɗawa daban," in ji shi. Amma ya sa hannu, har ya ba da mota ta kawo mini.

Ban shawarci kowa ba kafin in yi haka, kuma ranar da motar ta sauke kaya a bakin layinmu gidan ya ɗauki zafi. Ku sani, Yaya Bala ya riga ya yi nasa shirin. Shi dillalin shanu ne, yana da gidansa a Messa, kuma ya sami wanda zai sayi filin shagon ya buɗe gidan giya. Nufinsa Baba ya huta, ya koma wurinsa da zama, ni kuma in tafi arewa in riƙa aiko da abin da ya samu. Ba mugun shiri ba ne, kada ku ɗauka baffanku mai son zuciya ne. Ya ga tsoho yana makancewa, ya ga laka, ya yi lissafin da mai hankali zai yi. Ya zo ya tsaya a kan akwatunan da aka fasa, yana duban ƙarafa masu lanƙwasa da tulin kwano da buhunan bulon.

"Ilu, aikin Bature ka bari saboda wannan tarkacen?"

"Shago ne, Yaya. In an haɗa shi za ka gani."

"Na ga sansanin soja. Wa ya taɓa ɗinka riga a cikin ganga?"

Inna, kakarku, tana daga zaure ta ɗaga murya. "Matarka na da ciki, ka zo mana da ƙarfe. Shi za mu dafa?"

Mahaifiyarku Rabi tana tsaye a bayanta, cikin Hadiza ne a jikinta lokacin. Baba kuwa ya sa aka kama hannunsa aka kai shi wurin kayan. Ya tsuguna ya shafa ɗaya daga cikin ƙarafan tun daga wannan baki har wancan, yana tsayawa a kan kowane rami da ɗan yatsa.

"An riga an yanka," in ji shi. "Saura ɗinki. Bala, ka gaya wa mutumin nan ya dakata har ƙarshen ƙaramin rani. In ruwa ya dawo abin nan bai tsaya ba, ka sayar."

Yaya ya saɓa rigarsa ya tafi, kuma tun daga ranar bai sake tako layinmu ba. In ya aiko wa Inna da nama, wani yake ba wa ya kawo.

Ƙaramin rani a Yawunde kun san shi, ɗan tsakani ne kafin babban ruwa, sama a rufe, ba zafi, ba tabbas. Shi ke nan abin da nake da shi. Na fara da kwashe lakar tsohon shago, ni da telolin Baba guda uku da ba su watse ba, mutanen da hannunsu bai saba da komai ba sai almakashi. Muka haƙa harsashi dogaye biyu, muka cika da duwatsu da siminti, na ɗaga shi sama da gwiwa saboda ruwan fadama. Na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, na sake ja ta ɗaya gefen, ban bar wurin ba sai da igiyoyin biyu suka zo daidai, domin na gani a sansani cewa in ƙasa ta karkace sama ba za ta haɗu ba. A cikin simintin tun yana ɗanye na dasa dogayen bulon da ƙafafun ginin za su zauna a kai. Mutanen unguwa suna wucewa suna tambaya ko kabari nake haƙa wa giwa. Wani mai shayi ne ya fara cewa Rabin Ganga, sunan ya bi shagon har yau.

Da muka buɗe buhunan bulon sai na tarar da matsala. Kowane bulon da zai ratsa kwano yana da 'yar roba zagayayya da ke hana ruwa bi ta ramin, kuma duk robobin sun bushe a ajiya, in ka taɓa sai su marmashe. Ba a sayar da irinsu a Mokolo, na zaga kasuwar kaf. Na dawo gida na zube su a tsakar gida ina huci. Rabi ta ɗauki ɗaya ta juya ta a tafin hannu.

"Malam, wannan ba robar tayar keke ba ce?"

"Kusan ita ce."

"To ka samo mana tsofaffin tub. Ka bar mu da sauran."

Na bi masu gyaran keke na kwaso tub ɗin da suka yar. Ita da matan gidan da ke kusa da mu suka zauna a inuwar mangwaro, suna yanka roba da almakashin Baba, suna huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Kwana na uku sai ga Inna ta jawo kujerarta ta zauna a cikinsu, tana yanka tana mita, wai ita tun da take ba ta taɓa ganin an aurar da mace ga ƙarfe ba. Ta fi kowa sauri. Duk robar da ke kan rufin nan hannun mata ne ya yanka ta, kuma sai bayan an aurar da Hadiza muka fara canza wasu.

Ƙarafan baka muna kiransu haƙarƙari. Kowane ɗaya gutsattsari ne, sai an shimfiɗa su a ƙasa an haɗa, sannan a ɗaga shi gaba ɗaya a zaunar da ƙafafunsa a kan bulon na harsashi. A sansani da injin ɗaga kaya ake yi. Ni ba ni da inji, ina da unguwa. Na yi dakali da itacen gora a tsakiya, na je masallaci bayan azahar na roƙi hannu. Suka zo, masu tsire da masu wanki da 'yan dako, har da Baba Atangana, tsohon maƙwabcinmu ɗan ƙabilar Ewondo wanda ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Wasu suka riƙe ƙafafu, wasu suka ja igiya, ni ina kan dakali ina ihu da harshe uku. Haƙarƙarin ya tashi yana rawa kamar zai karye, ya yi tsaye, ya zauna. Na sauko na ɗaure shi da igiyoyi gaba da baya. A ranar na ga mutanen da suka yi mini dariya suna ja da baya suna ɗaga kai.

Na biyu da na uku ba su ba mu wuya ba. Da muka zo ɗora ƙarafan gicciye masu haɗa haƙarƙari da juna, sai ramuka suka ƙi haɗuwa. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma bulon ba ya shiga. Na buga da guduma, na ja da igiya, na zagi Baturen da ya huda su. Yini biyu ina wannan fama, sama kuwa kullum ƙara duhu take. Baba yana zaune a kan buzunsa a gefe, kullum can yake yini yana sauraron aikin. Ya kira ni.

"Waɗanda ka riga ka sa, ka ɗaure su tamau?"

"Tamau, Baba. Har sai da kile, sifanar nan, ya yi ƙara."

"Je ka sassauta su duka. Ni ban taɓa ƙulle ɗinkin wuya ba sai na ga hannu ya zauna. A fara kamawa sako-sako, in komai ya sami wurinsa sai a bi a ƙarfafa."

Na hau na sassauta kowane bulon da na sha wahalar ɗaurewa. Ginin ya yi laushi, yana motsi in an taɓa, har tsoro ya kama ni. Na sa siririn ƙarfe a ramin farko na ɗan karkata, sai ramin ya zo da kansa. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan muka dawo muka ɗaure. Da na sauko Baba bai tambaye ni ko ya yi ba. Ya ji ƙarar guduma ta daina.

Kwano ake farawa daga ƙasa a hau sama, na sama ya rufe bakin na ƙasa, mutum ɗaya a waje yana tura bulon, ɗaya a ciki yana ɗaurewa. A ƙa'ida gefe biyu ake tafiya tare. Amma dakalina ɗaya ne, kuma matsar da shi yana cin rabin yini, sai na gama gefen gabas kusan duka kafin in taɓa na yamma. Wata ranar Alhamis da la'asar muna cikin haka iska ta juyo daga wajen Nkomkana, irin wadda ke zuwa gaban babban ruwa. Ta shiga ta gefen da yake buɗe ta cika gefen da aka rufe. Na ji ginin gaba ɗaya ya yi nishi. Haƙarƙarin ƙarshe, wanda ban gama ɗaure ƙafarsa ba, ya ɗaga daga kan siminti ya koma, ya sake ɗagawa. Igiyoyin da nake da su na shanya ne da na rijiya, ɗaya ta tsinke a gabana. Teloli suka rataya a jikin sauran, iska tana jan su a ƙasa. Ni ina can sama, ga kwano ɗaya da na sa wa bulon biyu kawai. Na kai hannu in danne shi, iska ta fizge shi, bakinsa ya bi ta tafin hannuna na hagu.

Ban ji zafi ba a lokacin. Abin da na ji shi ne muryar Yaya Bala daga bakin layi.

"Ku jefa ta sama! Ta saman ƙarfen, ba ta gefe ba! Kai, riƙe nan!"

Ashe yana mahauta ya ga yadda hadari ya haɗu, ya kwashi igiyoyin da ake kayar da bijimai da su, ya taho da mahauta a guje. Mutane ne da suka san yadda ake riƙe abin da ya fi su ƙarfi. Suka jefa igiyoyi ta kan haƙarƙari, suka naɗe a gindin mangwaro da turakun da suka kafa nan take, suka kwanta a kansu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na sauko na naɗe hannuna da hular wani, na kama kile da hannun dama, na durƙusa a cikin laka ina ɗaure ƙafar haƙarƙarin nan, Yaya yana danne ta da kafaɗarsa, babbar rigarsa ta shadda ta koma ja. Da bulon na ƙarshe ya kama, ya dube ni ruwa na zuba daga gemunsa.

"Ka gama haukan?"

"Saura gefe ɗaya, Yaya."

"To gobe gefe biyu za a yi tare. Zan kawo itacen dakali."

Shi ya kai ni asibiti a bayan babur ɗin wani. Aka ɗinke hannun, amma yatsu biyun nan da kuke gani ba su sake lanƙwasuwa ba. Da su na yi sallama da aikin manyan injuna, domin ko da na so in koma wani kamfani, babu mai ɗaukar makanike da hannu ɗaya da rabi. Sauran kwanon ina ƙasa da hannu a rataye nake nuna yadda za a yi, Yaya da mahautansa da teloli suna sama. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce masa na yi daidai ba. Mai gidan giya dai ya nemi wani fili. In kun ji ana cewa baffanku ya yi adawa da ginin nan, ku ce haka ne, ku ƙara da cewa rabin rufin shi ya ɗora.

Bangon gaba da na baya da bulo muka yi, muka bar ƙofa mai faɗi da tagogi a sama don iska ta ratsa. Da rana ta fito muka gane cewa Yaya bai yi ƙarya duka ba, cikin ganga akwai zafi. Muka shafe bayan kwanon da farar ƙasa, muka yi silin da tabarmin gora, ya zama wurin da mutum zai yini. Kekunan da muka tono daga laka ni na warware su ɗaya bayan ɗaya na wanke da kananzir, kuma daga nan gyaran keken ɗinki ya zama sana'ata har na tsufa. Shekarar ta yi mana tsanani, ba zan ɓoye muku ba. An haifi Hadiza babu albashi a gidan, ragon sunanta Yaya ne ya kawo, mahaifiyarku ta yi ta soya ƙosai ana kai wa bakin titi. Wanda ya karɓi matsayin da aka yi mini tayi a arewa ya yi ritaya da mota da gidan bene. Na sani, kuma akwai ranakun da na yi tunaninsa. Amma babban ruwa ya zo a shekarar ya wuce, gidaje sun zube a gangare, mu kuwa muna ciki kekuna suna aiki, ko ɗigo bai sauka a kan yadin kowa ba. Telolin da suka watse suka dawo, aka kawo sababbin masu koyo.

Baba bai taɓa yaba mini da baki ba, ba halinsa ba ne. Ranar da aka shigar da kekuna ya sa aka shimfiɗa buzunsa a bakin sabuwar ƙofa, ya aika aka yanko farar shadda, ya ce kada a karɓi aikin kowa sai an gama wannan. Ya auna ni da hannunsa, kafaɗa zuwa kafaɗa, bai ce ta wane ne ba. Teloli suka haɗa rigar, shi ya karɓi surfanin. A lokacin ba ya ganin zare, da yatsa yake bin sawun allura, Rabi ce ke zura masa. Ya yi watanni a kanta. Babban telansa ya same ni a ɓoye ya ce aikin yana karkacewa, ko in bari ya riƙa warwarewa yana gyarawa in tsoho ya tashi. Na ce kada ya kuskura. Ita ce riga ta ƙarshe da Malam Habu ya yi wa surfani, kuma aska ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, da'irar ƙirji ba ta rufe daidai ba. Da ya gama ya kira ni, ya sa mini ita da kansa a tsakiyar shagon, a gaban ma'aikata, ya gyara mini wuya, ya shafa ƙirjin.

"Ta zauna?" in ji shi.

Na ce, "Ta zauna, Baba."

"To je ka nuna wa yayanka."

Na fita da ita a ƙafa, na bi ta Mokolo da rana tsaka har Messa, ban hau mota ba.